PS3 ɗin da ke ƙarƙashin benci da zancen Folding@home

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni wai da gaske ne ana iya sa PS, wato akwatin wasan PlayStation, ta riƙa yi ma masu bincike lissafi tana ajiye, kuma ko za mu jona tsofaffin PS3 ɗin nan ukku da ke ƙarƙashin benci mu riƙa samun na cefane. Ina saurin Magariba shi ya sa ban tsaya ba, toh ga amsa ɗan nan.

Da gaske an yi, amma fara cire kuɗi daga ranka, aikin sa-kai ne ko sisi ba a ba kowa, maki kawai ake rubuta maka. Sunan abin Folding@home, a jami'ar Stanford ta Amurka aka faro shi a 2000. Masanan so suke su gane yadda furotin ke naɗewa a jikin mutum, don in ya naɗe ba daidai ba yana jawo cuta irin Alzheimer, ciwon mantuwar nan na tsofaffi. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya sai suka kira gayya, kowa a tura mashi kunya guda ta intanet ya nome ya maido, a ba shi wata.

A watan Maris na 2007 Sony ta sa shi cikin PS3, kuma kasan mi ya sa ita aka zaɓa? Furosesan cikinta ne, Cell, wanda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, yana da wasu ƙananan ƙwaƙwale da ba su san komi ba sai tauna lissafi. Zuwa Satumba na shekarar gayyar ta wuce petaflop 1, wato lissafi tiriliyan dubu a daƙiƙa guda, har Guinness ta sa su a littafinta, kuma mafi yawan ƙarfin daga akwatin wasan yara ya fito wlh. Kai ko sojojin saman Amurka sai da suka haɗa PS3 guda 1,760 a 2010 suka yi babbar kwamfuta da su, kodayake su nasu aikin gwamnati ne.

Toh amma an rufe ƙofa. A Afrilun 2010 ofdet na 3.21 ya cire damar sa Linux, manhajar da ke maida ita kamar kwamfuta, wadda ta nan wasu ke bi su yi aikin BOINC, wata gayyar lissafi irin wannan, sannan a ƙarshen 2012 aka cire Folding@home ɗin kanshi, lokacin na 4.30, bayan mutum sama da miliyan 15 sun taɓa hannu. PS4 da PS5 kuwa ba a ma sa masu ba.

Yanzu bari in zo kan namu na masu sukundireba, don nan ne nake so ka buɗe kunne. Ko da ƙofar na buɗe ba zan yarda ba a shagon nan. Yaro in yana buga ƙwallo injin na ɗan shan iska, ana canza 'yan wasa, ana gardama, a kashe a tafi sallah, amma wannan aikin tun da ka kunna furosesa ke ƙarshen ƙarfinshi dare da rana ba hutu, PS3 mai ƙibar nan ta farko tana jan wajen wat 200, ka ɗora mata zafin Katsina na bazara da rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, man da ke kan furosesa ya bushe kamar ƙanzo. Mi kake jira in ba fitilar nan ruwan ɗorawa mai nuna injin ya lalace ba? Biyu daga cikin ukkun nan da kake gani ai ita ta kwantar da su.

Ga wuta kuma. Kowane aiki da aka turo yana da wa'adi, in an ɗauke kwana biyu ka makara sai a ba wani, wahalarka ta tashi a banza. In ce janareta zaka tada, kana ƙona fetur kana tara maki?

In ranka na so da gaske, abin bai mutu ba, a kwamfuta ake yi yanzu, lokacin korona a 2020 ma ya fi kowane lokaci ƙarfi. Duk ranar da muka ƙara faranti a solar shago zan bar ka ka gwada a tsohuwar kwamfutar tebur ɗin nan da safe zuwa hantsi, ka rage mata ƙarfi zuwa rabi. Amma kayan kwastoma kul, ko da wasa.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri ka ciro ta ukkun, mai numfashin, ka buɗe ta ka share fanka ka canza man, ina tsaye ina kallo. Kuma ka lallaɓa siririyar wayar nan ta maɓallin kunnawa, wancan karon da ƙarfi ka fizge ta.