Kaya sun cika mini ɗaki a Agege, kuma na kasa daina saye

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina zaune a Agege da maigidana da yara uku a ɗaki da falo. Shekara tara ke nan da aka kawo ni daga Zariya, kuma har yau akwai kuloli da tangaran da samira na kayan ɗakina da ban taɓa buɗewa ba, ga akwatunan lefe a kan sif da ƙarƙashin gado. Sau biyu ina yin kwalema, amma ba a wata uku sai ɗakin ya sake cika, domin ba na iya ganin atamfa ko anko in kau da kai. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Tunda kin yi kwalema har sau biyu ɗakin ya sake cika, to matsalarki tana wajen shigowar kaya ne, kuma can ya kamata ki fara, domin mai kwashe ruwa daga ɗaki alhali rufin yana yoyo ba zai ga ƙarshen aikinsa ba.

Na san dalilin da yawancinmu muke kafawa, wato gara a saya yau kafin gobe ya ƙara kuɗi. Wannan tunani yana da tushe, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, farashi bai zauna wuri ɗaya ba, har hauhawarsa ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. Sai dai hujjar tana aiki ne a kan shinkafa da man girki da za su ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, ko zinari da za a iya mayar da shi kuɗi a ranar buƙata. Atamfa kuwa, daga ranar da tela ya sa mata almakashi ta rasa mafi yawan kuɗinta. Idan kina son ki tabbatar, ki leƙa kasuwar Katangowa da ke Abule Egba, kusa da ku, ki ga yadda ake sayar da tufafin da aka riga aka sa.

Akwai kuma abin da iyayenmu ba su lissafa ba lokacin da suke tara mana kaya, wato bambancin yanayi. A Zariya akwati yakan yi shekaru a rufe kayan ciki ba su canza ba, saboda bushewar iska. A Legas damina takan kama daga Afrilu har zuwa Oktoba, laima kuma ba ta barin ɗaki ko da rani, shi ya sa takalma da jakunkuna suke yin funfuna su ɓare, samira ta yi tsatsa a duk inda ta ƙwarzane, zannuwa su ɗauki warin da wanki ba ya fitarwa. Sannan wurin da kayan suka tare ma biyansa ake yi. Idan, a misali, hayarku naira 600,000 ce a shekara, kayan da ba a taɓawa kuma sun cinye kashi ɗaya cikin huɗu na gidan, to naira 150,000 maigida yake biya wa akwatuna, yara kuma suna kwana a takure.

Shawarata ita ce ki ɗauki wata uku ba ki sayi komai ba sai abinci da magani da abin da ya ƙare ko ya lalace. Duk abin da ya ba ki sha'awa, ki rubuta shi tare da kuɗinsa ki bar shi mako biyu, domin sha'awar da hoto ya tayar ba ta cika kaiwa haka ba. Ki rufe ganin tallar masu sayar da kaya a WhatsApp, ki daina karɓar kayan dillaliya a kan biya kaɗan-kaɗan, wanda a ganina shi ne ya fi kowace hanya cika ɗakunan mata, tunda ba a jin zafin fitar kuɗin a lokaci ɗaya. Idan shiga kasuwar Balogun ta zama dole, ki tafi da iya kuɗin abin da ya kai ki.

Anko ne zai fi ba ki wahala, domin zumunci ne a ciki, kuma a nan Legas, inda dangi suke nesa, ƙawaye da maƙwabta su ne dangin. Ki zauna da maigida ku yanke adadin da za ki iya yi a shekara, sauran kuma ki faɗa wa mai biki tun da wuri, ki kai mata gudummawa, ki halarta da kayan da kike da su masu kusan launin. Mai ƙaunarki zuwanki take so.

Sai bayan wannan ki koma kan fitar da kaya, akwati ɗaya a kowane mako, kuma abin da kika ware kada ya kwana uku a gidan. Mai daraja ki sayar, ƙarafa da robobin da suka fashe ki ba 'yan jari bola, na sadaka kuma ya zama mai kyau, kamar yadda aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu zaɓar mummuna mu bayar.

Kayan ɗaki mallakinki ne, amma gumin mahaifiyarki ne, wataƙila da adashen shekaru ta haɗa su. Kada ta ji labarin fitarsu a bakin wani. Ki kira ta ki bayyana mata yadda laima take cin su, ki nemi shawararta a kan ƙanwa ko marainiyar da ake shirin aurarwa a dangi, sannan ki riƙe saiti ɗaya da za ki fara cin abinci a ciki tun daga wannan makon.