Me Ya Sa Namu Ke Narkewa, Labello Na Tsaye?

Ɗana, tambayarka ta yi mini daɗi. Ka ce jiya da azahar man leɓen da muka haɗa ya zama ruwa a kan tebur, Labello kuwa yana gefe ko gezau, kana son sanin wane asiri kamfanin ke da shi. Babu asiri, kaki ne.

Beiersdorf na birnin Hambog a Jamus, masu Nivea, su suka fito da Labello a 1909, kuma aikinsu tun ranar shi ne haɗa mai da kaki daidai gwargwado. Man kaɗe da muke taƙama da shi, ɗumin jiki kaɗai ya isa ya narkar da shi, balle zafin ranar Garwa ta Kamaru a watan Afrilu da ke haura digiri 40. Kakin zuma kuwa ba ya sakin jiki sai wajen digiri 62. Haɗin jiya kakinsa ne ya yi kaɗan.

Ga yadda nake yi. Kaki kashi ɗaya, man kaɗe kashi ɗaya, man riɗi kashi biyu. In bazara ta shigo sai in ɗan ƙara kakin. Kakin garin Ngaundere nake saye, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kada ka ɗora kwano kai tsaye a kan wuta, ajiye shi cikin tukunyar ruwan zafi, kaki ya fara narkewa, man kaɗe ya shiga daga ƙarshe. Ɗigon ruwa kada ya faɗa ciki, shi ke kawo funfuna. Kafin ka zuba, ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ka murza da yatsa: in ya zame nan take, kaki bai isa ba, in yana jan fata, ya yi yawa. Sannan ka sanyaya shi da sauri, gwangwanayen a jere bisa faranti, ruwan sanyi a ƙasa. Man kaɗe in ya huce a hankali sai ya yi tsaki-tsaki kamar yashi a leɓe, mai saye kuma ba zai dawo ba.

Sauran da ke shagon kowa da hanyarsa. Vaseline daga ɗanyen man fetur ake tace shi, Robert Chesebrough ya yi rajistarsa a Amurka a 1872, yau yana hannun Unilever. Ba ya ƙara wa leɓe ruwa, rufe shi yake yi kada iskar hunturu ta kwashe danshin da ke ciki, don leɓe ba ya fitar da maiƙo irin na sauran fata. Carmex, wanda Alfred Woelbing ya fara a 1937, yana da kafur da mantol, su ke ba da sanyin nan da samari ke so. Ni dai ba na miƙa shi ga wanda leɓensa ya riga ya tsage yana jini, don yakan ƙara wa wasu raɗaɗi. Irin wannan mutum, ka ba shi namu marar turare ko Vaseline, ka roƙe shi ya daina lasar leɓe, miyau busar da shi yake ƙara yi. In mako biyu suka wuce bai warke ba, tura shi asibiti.

Tattaro gwangwanayen jiya, mu sake narkarwa. Kai za ka auna kakin, ina kallo.