Tambaya da Amsa: Furotin ɗina ya ɓace a cikin matata

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Gombe, ina bincike kan dafin kububuwa, macijin nan da ya addabi mutanen Kaltungo. Na ware wani furotin mai nauyin kDa 14 (kDa ma'aunin nauyin ƙwayar furotin ne) amma ya yi ruwa sosai, ga kuma gishiri, sai na zuba shi a matatar Amicon (tiyub mai matata da ke riƙe furotin ta bar ruwa da gishiri su wuce) mai kDa 10 na juya a sentirifuj, injin nan mai juya samfuri da gudu, da na auna wallahi kusan rabi babu. Ina ya tafi, kuma ya zan cire gishirin?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tukunna, ruwan da ya tsiyaye ƙasan tiyub ɗin, kin zubar? Allah ya sa ba ki zubar ba, don ina kyautata zaton furotin ɗinki na ciki, je ki auna shi.

Kin ga wannan lambar kDa 10, ba wai duk abin da ya haura ta ba ya wucewa ba ne, ramukan matatar girmansu ba ɗaya ba, wasu sun fi wasu faɗi, to 14 da 10 sun yi kusa da yawa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki wadda lambarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin furotin ba, ke kenan mai kDa 3 za ki nema. Tana da nawa sosai, haƙuri za ki yi, kar ki ƙara gudu. In mai mililita 15 ce kar ki wuce ƙarfin juyi na g 4000 a injin da bokitinsa ke lilo, ko 5000 a wanda ramukansa ke tsaye a karkace, kuma ki sa wani tiyub mai nauyi ɗaya a ɗaya gefen.

Gishiri kuma lissafi ne kawai. Ki juya mililita 15 har ya koma 1.5, ki cika da sabon bafa, wato ruwan da ake ajiye furotin a ciki, gishirin ya ragu sau goma kenan. In da mM 500 (ma'aunin yawan gishiri a ruwa) kika fara zai koma 50, zagaye na biyu 5, na uku 0.5, yawanci uku ya isa.

Wani abu da ɗalibai ke rainawa kuma yana ba ni tausayi, sai a kunna inji a tafi hira. Furotin na taruwa ne a ƙasa ya yi kauri har ya dunƙule, in ya dunƙule kuwa da wuya ya dawo. Duk bayan minti 10 ki tsayar ki gauraya a hankali da fifet, ɗan bututun ɗibar ruwa, kar bakinsa ya taɓa fatar matatar. Da zafin Gombe ɗin nan ki sa injin a digiri 4, in aka ɗauke wuta ki mayar da samfurin cikin ƙanƙara nan take.

Sabuwar matata ki fara wanke ta da bafa don akwai ɗan gilisarin a jikinta, in ta jiƙe kuma kar ki bari ta bushe.