Ki ba su rikicin Bakassi su sasanta da kansu

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa 'yan sakandare yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya ba tare da sun yi gyangyaɗi ba. Ni dai shawarata, ki sa su zauna teburin sulhu da kansu, kan batun Bakassi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa.

Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, alhali sojojin Najeriya na can, masunta 'yan Najeriya kuma sun cika wurin. Ki raba ajin: ɓangaren Najeriya, na Kamaru, da mai shiga tsakani a matsayin Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Kowane ɓangare ki miƙa masa takardar sirri mai ɗauke da abin da zai iya sassautawa da wanda ba zai taɓa bari ba. A nan darasin yake, don yara sun fi son su kayar da juna da baki, sai sun ga babu takardar da za a sa wa hannu suke fara ciniki.

Bayan sun gama, ki nuna musu abin da Obasanjo da Paul Biya suka amince a Greentree da ke Amurka ranar 12 ga Yuni, 2006: Najeriya za ta janye sojojinta cikin kwana 60, Kamaru kuma ba za ta kori mazauna ko tilasta musu zama 'yan Kamaru ba.

Kar ki manta ki ware wani rukuni a matsayin majalisar dokokin Najeriya. A 2007 Majalisar Dattawa ta yi ƙorafin cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba, tana kafa hujja da sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta amince da ita.