Ga Hajiyar da ke son bin masu gudu a tuddan Aburi

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kina zaune a unguwar Nima da ke Accra, a Ghana, shekarunki sun haura 40, likita ya ba ki shawarar motsa jiki, kina kuma sha'awar bin masu gudu a hanyoyin dajin Aburi, amma kina tsoron kada a bar ki a baya, ko a yi miki kallon bare saboda hijabi da rashin takalmi mai tsada. Shawarata ita ce ki zo, sai dai kafin ki bi kowace ƙungiya ki yi musu tambaya ɗaya: wa yake tsayawa a bayan kowa?

Ƙungiyar kirki tana ware mutum guda wanda aikinsa shi ne tafiya tare da na ƙarshe, komai nawarsa, kuma na gaba suna tsayawa a kowace mararraba har sai an ƙirga kowa. Haka ayarin kakanninmu fataken goro yake a hanyar Salaga, jagaba yana gaba, madugu kuwa yana can baya yana lura da wanda ya gaza. Idan aka ce miki kowa tasa ta fisshe shi, ki nemi wasu, domin a cikin gonakin rogo da ayaba na Akwapim, yankin da Aburi take, hanyoyin ƙafa suna kama da juna, waya kuma ba ko'ina take samun sabis ba.

Game da jinkiri, ki kwantar da hankalinki. A gudun daji, taka ƙafa a wurin hawa ba abin kunya ba ne, ƙwararru ma haka suke yi, hannu bisa gwiwa. A gasar UTMB da ake yi tun 2003 a kewayen dutsen Mont Blanc, wajen kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, doka ce cewa wanda ya wuce ɗan'uwansa cikin haɗari bai taimaka ba za a kore shi daga gasar. A gasar Western States ta Amurka, mai mil 100 da wa'adin awa 30, wata dattijuwa mai shekara 70, Gunhild Swanson, ta kammala a 2015 saura daƙiƙa 6 lokaci ya cika, kuma Rob Krar, wanda ya lashe gasar tun jiyan ranar, ya fito da silifa ya raka ta zuwa ƙarshe. Wannan tarbiyya ce ta riƙe ni a wasan, kuma ina ganin irinta a nan gida. Da damina, idan jar ƙasar gangaren ta yi santsi, za ki ga ta gaba ta dafe reshe da hannu ɗaya ta miƙo miki ɗayan, wani kuma ya raba dabino da ruwan leda ba tare da ya tambayi sunan kowa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai sauran gyara. Wasu ƙungiyoyin suna sa wurin haɗuwa inda sai mai mota ne zai isa da sassafe, hirarsu agogon gudu da kuɗin rajistar gasa, sannan su ɗauki hoto su watsa a Instagram ba su nemi izinin kowa ba. A ganina, cewa "kowa ya zo" ba ta wadatar ba idan ba a yi tunanin mai shiga trotro, wato motar haya, ba, da mai son yin sallar asuba kafin ta fito, da wadda ba ta son fuskarta a intanet. Ki faɗi sharuɗɗanki tun farko, cikin ladabi. Yadda za su karɓa zai nuna miki ko su wane ne.

Kayan aiki ba su da yawa. Takalmin gwanjo na kasuwar Kantamanto ya isa, in dai ƙasansa yana da gargada kuma akwai ɗan sarari a gaban yatsu saboda gangara. Hijabi gajere marar nauyi wanda ba zai maƙale a ƙaya ba, doguwar riga zuwa gwiwa da wando, sai ruwa a ƙaramar jakar baya. Ki fara da tafiya, daga nan ki gwada hawan Ayi Mensah zuwa Peduase da safiyar Asabar, inda za ki tarar da jama'a maza da mata, manya da yara. Motocin Aburi daga tashar Madina suna bi ta nan. Wannan hanyar kwalta ce, amma ita za ta shirya ƙafafunki kafin ki shiga daji, kuma ki gaya wa likitanki cewa akwai hawa a ciki.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da muke ratsa gonakinsu. Hanyoyin nan nasu ne, su suka share su da adda. Muna gaishe su da "maakye", wato barka da safiya da harshen Twi, muna kauce wa mai ɗauke da itace, ba ma tsinkar ko lemo ɗaya, kuma ledar ruwa a aljihu take komawa. Idan kin shirya, ki yi mini magana kafin Juma'a, mu da muke tashi daga Mamobi mu tsaya miki a bakin titi bayan sallar asuba.