Idan Kogi Ya Sauya Hanya, Iyakar Gunduma Takan Bi Shi?

Tambaya: Ina duba taswirar Amurka sai na ga iyakokin gundumomin (county, wato yankunan mulki na cikin jiha) yamma a miƙe sak, na gabas kuwa a karkace, suna bin koguna. Wa ke yanka waɗannan iyakoki a doka? Kuma tunda kogi ba ya zama wuri ɗaya, in ya kauce, gunduma ta yi asarar ƙasa ke nan?

Amsa: Majalisar dokokin jiha ce ke yanka gundumomi, ba gwamnatin tarayya ba. Shi ya sa Texas take da 254, Delaware kuwa 3 kacal. Doka takan zayyana iyakar da kalmomi: daga bakin rafi kaza, a bi kogi kaza, har a iske dutsen shaida kaza. In rigima ta kai kotu, wannan rubutun da abin da ke kafe a ƙasa ake dubawa. Taswira ba ta da wannan ƙarfin.

Bambancin da ka gani na tarihi ne. Tsofaffin jihohin gabas irin su Virginia sun gaji awon Ingila, na bin rafi da tudu da bishiya. A 1785 aka yi dokar da ta ce a auna ƙasashen yamma kafin a sayar da su. Safiyoyi suka fara daga gaɓar Kogin Ohio, kusa da garin East Liverpool na yanzu, suna yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowanne a raba shi gida 36 masu eka 640. Gundumomin Iowa da Kansas a kan waɗannan layukan aka ɗora yawancinsu.

Batun kogi ya fi ɗaure kai. Da farko sai an san wane sashe na kogin doka take nufi: tsakiyarsa, ko gaɓa ɗaya, ko hanya mafi zurfi da jiragen ruwa ke bi. Wannan ta ƙarshen da ita Kotun Duniya ta raba gardamar Nijar da Benin kan Kogin Neja a 2005, tsibirin Lete ya faɗa wa Nijar. Sai kuma ƙa'idar da ta amsa tambayarka. In kogi na cin gaɓa guda sannu a hankali yana tara yashi a ɗayar, iyaka takan bi shi. Wanda ya samu ya samu, wanda ya rasa ya yi haƙuri. Amma in ambaliya ta sa ya fasa sabuwar hanya farat ɗaya, iyaka takan tsaya a tsohon kwarin, ko da ya bushe ƙurmus ana noma a ciki.

Garin Carter Lake shaida ne. A 1877 ambaliyar Kogin Missouri ta yanke wani lanƙwasa, ta bar wani yankin Iowa, inda garin yake yanzu, a tsallaken kogi, ɓangaren Nebraska. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1892 cewa yankin na Iowa ne. Har gobe yana ƙarƙashin gundumar Pottawattamie, alhali a jikin birnin Omaha na Nebraska yake, kuma mai zuwa filin jirgin saman Omaha daga tsakiyar birni yakan ratsa ta Iowa ba tare da ya haye kogi ba. Haka Kaskaskia, tsohon babban birnin Illinois: a 1881 Kogin Mississippi ya sauya hanya ya bar shi a yammacin ruwa, ɓangaren jihar Missouri, amma yana nan a gundumar Randolph. Waɗannan iyakokin jiha ne kuma na gunduma a lokaci guda, kuma kotunan jihohi kan bi ƙa'idar a tsakanin gundumomi, sai fa in doka ta faɗi wani abu dabam. Kogin Ohio ya fita zakka: a 1980 Kotun Ƙoli ta ce iyakar Kentucky da jihar Ohio tana gaɓar arewa, daidai inda ruwa ke tsayawa in ya janye, kamar yadda take a 1792.

Inda babu kogi, shaidar safiyo ce iyaka. Da can turken itace ne ko dutse ko tulin ƙasa, sai a sassaƙe bishiyoyin kusa a rubuta nisansu, don in turken ya ɓata a gano gurbinsa. Daga baya aka koma bututun ƙarfe mai hular tagulla. Tuge irin wannan shaida laifi ne a dokar tarayya.

Abin da mutane suka fi jin mamakinsa shi ne, shaidar asali ta fi lissafi ƙarfi. In takarda ta ce mil 6, amma dutsen da safiyon farko ya kafa ya gaza ko ya wuce, dutsen ake bi. A ganina hikima ce, domin da duk sabuwar na'ura za ta iya ture iyaka, da babu mai kwana da tabbacin inda zai biya haraji ko kotun da za ta saurari ƙararsa. Amma akwai masu cutuwa. An ƙaddara iyakar Georgia da Tennessee a kan layin digiri 35 arewa da ikwaita, sai masu awo na 1818 suka sa ta kimanin mil ɗaya kudu da nan. Wannan kuskuren ya hana gundumar Dade ta Georgia taɓa Kogin Tennessee, wanda ke nan kusa ƙwarai. Lokacin fari, a 2008, majalisar Georgia ta nemi a gyara layin, ta sake nema a 2013, har da tayin ta yafe sauran ƙasar in an ba ta ɗan zirin da zai kai ta bakin ruwa. Tennessee ba ta yarda ba, layin 1818 shi ke aiki.