Ƙarar inji da yoyon ruwa a tsohuwar J5

Malam, ka ce J5 ɗinka mai dizal tana ƙwanƙwasa idan ta yi zafi, kuma kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto. Don Allah ka ajiye ta tukuna, kada ka ɗauki hanya mai nisa a haka.

Fara da ruwan. Da safe, inji na sanyi, zaro sandar baƙin mai ka duba. In ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa na shiga mai ke nan, galibi gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ya ƙone, ko kan ya tsage saboda zafi. Buɗe murfin lagireto, ka tada motar. Kumfa na tasowa ba tsayawa? Farin hayaƙi na fita salansa ko bayan inji ya ɗumama? Duk alamar gasket ce. Amma kada ka taɓa murfin nan inji na zafi, ruwan zai ƙona ka. In man lafiya lau, shimfiɗa kwali ƙarƙashinta ta kwana. Inda ya jiƙe zai nuna maka tiyo ne, ko famfon ruwa, ko lagireton kansa.

Ƙarar ce ta fi damuna. In mai nauyi ce daga ƙasa, tana ƙaruwa da taka totur, fitilar mai kuma na ƙyaftawa, galibi metal ne ya cinye, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, kuma ruwa cikin mai na iya jawo hakan. Sa bakanike ya sassauta bututun injekta, masu fesa dizal cikin silinda, ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki. Silindar da ƙarar ta ragu a kanta, nan matsalar take. Ya kwance kaskon mai ya duba ko akwai garin ƙarfe kafin karanshaf ya lalace.